Almu Mai Goma

Duk Bahaushen da ya zauna a unguwar Al-Oud ta Riyadh a tsakiyar shekarun tamanin ya san Almu Mai Goma. Ba 'ya'ya goma gare shi ba, 'yarsa ɗaya ce, ita ma tana Najeriya. Shinkafa ce ta jawo masa sunan. Lokaci zuwa lokaci sai a gan shi ya fito daga shagon wani Bayamale mai sayar da abinci a Batha, hannu biyu da ledoji, ƙunshi goma na shinkafar buhari da kaza, ya bi bakin titi yana miƙa wa masu shara da 'yan dako. Mutane suna ta cewa Allah ya yi masa hannun kyauta. Ni ce kan gaba wajen yabon, har a wasiƙa na rubuta wa mutanen gida.

Sunana Tabawa. A lokacin ina aikin nas a wani asibiti, maigidana Malam Abdulwahid kuma yana ɗakin magani. Almu ɗan goggona ne, taubashina, tare muka tashi a Funtuwa, kuma tun muna yara ban taɓa raga masa ba. Injiniyan lantarki ne na gaske. In janareto ya ƙi tashi, shi ake kira, ya kara kunne ya saurara, ya ce ga inda ciwon yake. Abu ɗaya ne ya gagare shi gyarawa, shi ne giya. A Kaduna ya koya wurin abokan aiki, daga kwalba ɗaya ranar Asabar har ta kai ba ya iya saka maɓallin riga da safe sai ya kurɓa. Ranar da ya faɗi a tsakar gida da 'yarsu Indo a kafaɗa, goshin yarinyar ya fashe, matarsa Rekiya ta goya ta ta tafi gidan ubanta a Malumfashi. Ba ta nemi saki ba, ba ta kuma dawo ba.

Sai dangi muka zauna muka yanke shawarar da muke ganin babu kamarta: a kai shi ƙasar da babu giya. Ni na kawo maganar, ni na matsa wa Malam har ya samo masa aiki a wani kamfanin gine-gine. A tunaninmu mutum ba zai sha abin da babu ba. Ga Makka kusa, ga zamzam, ga hukuma mai tsanani. Rekiya ta ce ta ji, in ya shekara biyu bai sha ba za ta biyo shi da yarinyar. Muka je tarbarsa filin jirgi muna murna kamar an sallamo shi daga asibiti.

Abin da ban sani ba, duk da taƙamar da nake yi na san gari, shi ne a gidajen ma'aikata akwai masu dafa wata aba a banɗaki da sukari da yis, su ɗura a gorar ruwa. Sadiki suke ce mata. Fara ce tas, in ba ka sansana ba sai ka yi alwala da ita. Almu bai cika wata biyu ba ya gano ƙofar da ake ƙwanƙwasawa.

Asirin ya tonu ne wata Juma'a a gidanmu, shekara ɗaya da rabi da zuwansa. Na yi tuwon shinkafa da miyar kukar da aka aiko mini daga gida, ya zo bayan an sauko daga masallaci kamar yadda ya saba. Ina zuba masa ina tsokanarsa.

"Mai Goma, an ce jiya ma ka yi rabo. Mu ba miskinai ba ne? Ko sau ɗaya ba ka taɓa kawo mana ko fuka-fukin kaza ba."

Malam ya ce, "Ni abin da ke ba ni mamaki, kullum goma cif. Ba tara, ba sha ɗaya. Sai ka ce mai kaffarar rantsuwa."

Malam da wasa ya faɗa, har yana dariya. Almu bai yi dariya ba. Lomar da ya ɗauka ta tsaya a hanya, ya mayar da ita kwano. Nan take na gane, don ko ɗan makarantar allo ya san wanda ya rantse da Allah ya karya, miskinai goma zai ciyar.

Na ce, "Almu, rantsuwar me kake karyawa?"

"Ke dai ba kya rabo da neman magana."

"Ba wasa nake ba. Miƙo hannunka in gani."

Ya miƙo. Na yi shekara goma sha biyu ina duba hannuwan marasa lafiya, na san wannan rawar. Kuma na sha ganinta a hannunsa, ina cewa gajiyar aiki ce.

Kansa a ƙasa ya yi bayani. Ya ce ya je Umra sau huɗu, ya kama tufafin Ka'aba ya rantse ya bari har abada. Mafi daɗewar da ya yi kwana goma sha ɗaya ne. "In na raba shinkafar," in ji shi, "sai in ji kamar na wanke kaina. Sai in sake rantsewa. Daga ranar kuma na san shagon yana nan yana jirana."

Raina ya ɓaci, ban san wa zan fi jin haushi ba, shi ko ni. Ni na rubuta wa Rekiya cewa mijinta ya zama mutumin kirki har yana ciyar da talakawa. A kan maganata ta yarda aka fara neman mata biza, kuma an riga an tsayar za ta zo da zarar an gama kwashe alhazai. Wata shida ya rage. Na san Rekiya, ba mai yawan magana ba ce. In ta zo ta ji warin nan sau ɗaya, ba Malumfashi kawai za ta koma ba, auren ne zai ƙare.

Na ce, "To yanzu sai ka sake rantse mana, ko?"

Ya ce, "A'a. Na gaji da wannan." Sai ya ba mu labarin wani Bature da suka yi aiki tare a Kaduna, wanda ya taɓa gaya masa cewa a ƙasarsu masu son barin giya suna haɗuwa duk mako, su zauna kowa ya faɗi halin da yake ciki, su riƙe juna. A lokacin dariya ya yi masa, ya ce ina amfanin tara mashaya wuri ɗaya. "Yanzu su nake nema. Garin nan cike yake da baƙi daga ko'ina. Ba zai yiwu a ce ni kaɗai ne ba."

Faɗa da baki ya fi yi sauƙi. A Riyadh ta wancan lokacin, duk wanda ya tambayi inda mashaya ke haɗuwa ya riga ya amsa laifinsa, kuma kowa ya san abin da ke biyo baya: bulala, ɗauri, sannan a sa mutum a jirgi. Irin wannan taro ba a bugawa a jarida, ba a mannawa a bango. Amma Almu ya sa kai. Ranar Alhamis, da yake ba aiki, sai ya bi manyan kantunan da Turawa ke sayayya yana karanta allon sanarwa, takarda bayan takarda: mai sayar da mota, mai neman direba, mai koyar da kiɗa. Ya je wurin wani likita ya zauna, da ya ga an buɗe fayil an ɗauki biro sai ya ce ciwon kai ne ya kawo shi, don fayil ɗin kamfani ke karɓa. Ya je wurin wani malami ya ce wai wani abokinsa ne. Malamin ya yi nasiha mai kyau, ya ƙare da cewa abokin ya je Makka ya yi alkawari da Ubangijinsa. Ni ma na ɗan jefa tambaya wurin abokan aikina Turawa, wata ta kalle ni ta ce ba ta ji me na ce ba, kuma kada in sake faɗa.

Haka Sha'aban ya wuce, azumi ya wuce. A cikin azumin ya yi ƙoƙari, amma da ya ga watan Salla ya tsaya bai sami kowa ba, tsoro ya kama shi ya sake rantsewa. Kwana uku bayan Salla ya koma shagon Bayamale.

Abin da ya faru daga nan shi ya ba ni labari, ban gani da idona ba. Ya ce Bayamalen yana ɗaure ledoji yana surutu. "Ashara kuma, ya muhandis? Goma dai, injiniya? Ku mutanen nan akwai son alheri. Da akwai wani ɗan'uwanku, Harouna, shi ma goma-goma yake saya, wani lokaci sau biyu a wata. Shekara guda ke nan ya daina. Yanzu in ya zo ɗaya yake saya, ya zauna can ya ci abinsa. Har ƙiba ya yi."

Almu ya ce nan take ya shiga lissafi. Mutum yana sayen goma, ya daina, bai mutu ba, ba a kore shi ba, har ya yi ƙiba. Ya tambayi inda zai same shi. Bayamalen bai san komai ba sai cewa mutumin Nijar ne, kuma tafinta ne a wani kamfanin gine-gine a wajen Al-Shifa.

Wanda bai san Al-Shifa ta lokacin ba zai ce ai an gama. Unguwa ce da ake kan ginawa, duk inda ka juya tulin yashi ne da bulo da kamfani. Ga zafin bazarar Riyadh, wanda ko sitiyarin mota sai da tsumma ake kamawa. Almu ya bi su ɗaya bayan ɗaya, bayan an tashi aiki da kuma ranar hutu, yana tambayar masu gadi ko akwai tafinta Harouna. Sai da ya yi kwana tara ya same shi. Dogo ne, mutumin Maraɗi, karatun addini ya kawo shi, ya ƙare a aikin tafinta.

Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da aiki da zafi. Sannan Harouna ya ce, "Malam, mi ke tahe da kai?"

"Mai shinkafa na Batha ne ya ba ni labarinka. Ya ce da goma kake saya."

Fuskar Harouna ta canza. "Sadaka laihi ce?"

"Ni ma goma nake saya."

"Allah shi karɓa. Ina da aiki."

Ya juya ya shige ofis. Ban ga laifinsa ba. Baƙo ya zo maka da irin wannan magana a garin nan, ina ka san wanda ya aiko shi? Da wani ne da ya yi fushi ya tafi, amma taubashina akwai naci, tun yana yaro haka yake. Washegari ya dawo lokacin tashi, ya zauna kan bulo a bakin ƙofa. Harouna ya fito, ya gaishe shi, ya wuce. Jibi ma haka. A rana ta huɗu Harouna ya fito da ƙaramin kofin shayi na gilashi, ya cika shi har baki, ya miƙa masa.

"Riƙe."

Almu ya riƙe. Kafin ya kai baki rabi ya zube a wandonsa.

Harouna ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Ɗan sanda ba shi iya wannan. Alhamis bayan la'asar ka same ni nan."

Inda ya kai shi ba wani ɓoyayyen wuri ba ne. Falon wani malamin makaranta ne Basudane, a hawa na biyu, da tabarma da matasai da butar shayi. Maza zaune suna shan shayi da yamma, babu abin da ya fi wannan yawa a Riyadh, ba wanda zai waiwaya. Su biyar ne: Basudanen, 'yan Pakistan biyu, Harouna, da wani tsohon Bature mai aikin safiyo wanda shi ya zo da tsarin daga ƙasarsu. Ba a tambayar sunan uba, ba a tambayar wurin aiki. Larabci da Turanci ake gaurayawa, inda ya kakare Harouna ya fassara.

Da aka zo kansa, Almu ya gyara zama ya ɗaga yatsa sama. "Wallahi tallahi, daga yau..."

Harouna ya kama hannun ya sauke. "Nan ba a rantsuwa. Ni da malam mai gidan nan mun ciyar da rabin Batha, ba ta hana mu komai ba. Yau ka sha?"

"A'a."

"To ka kai gobe da sahe. In ka tashi ka buga mini waya, mu ga ta goben."

Almu ya ce da farko raina abin ya yi. Mutumin da ya rantse a Ka'aba har abada, a ce masa wai ya kai gobe kawai? Amma ya kai goben, ya buga waya daga akwatin tarho na bakin titi, ya kai jibi. Abin da ya fi ba shi wuya kunya ce. Namiji Bahaushe ya buɗe baki gaban maza ya ce ga abin da na yi wa 'yata, gara masa a ce ya ɗauki janareto a ka. Zama uku ya yi yana saurare bai faɗi nasa labarin ba.

A kwana na goma sha tara ya sha. Da gari ya waye ƙafarsa ta kai shi Batha, har bakin shagon. Ya tsaya, sai ya tuna bai rantse ba, babu abin da zai saya. Ya tsallaka titi ya kira Harouna, shi kuma ya ce masa ya zo Alhamis ya faɗa da bakinsa. Ya je ya faɗa, har da labarin goshin Indo, ya yi kuka gaban mutum biyar. Ba wanda ya yi masa wa'azi. Ɗaya daga cikin 'yan Pakistan ɗin ya ƙara masa shayi, ya ce shi sau uku ya sake farawa.

Bayan wata guda ya zo mini da maganar da ta sa muka yi faɗa na gaske. Wai zai yi wa Rekiya kaset ya gaya mata komai.

Na ce, "Kai, kana da hankali kuwa? An aika mata tikiti, ta gama haɗa kaya. Ka bari ta zo ta gan ka garau, in ya so can gaba ka faɗa mata a hankali."

Ya ce, "Tabawa, ita shekara biyu take tsammani. Ni kwana talatin da ɗaya gare ni. In ta zo a kan shekara biyu, ƙarya ce ta kawo ta, kuma ni na san inda ƙarya take kai ni."

"In ta fasa fa?"

"In ta fasa, Alhamis zan je zama."

Na zage shi tas, irin zagin da taubashi kaɗai ke da iko da shi. Gaskiya ba don shi kaɗai ba ne, har da ni, don kaset ɗin zai nuna wasiƙuna duk shirme ne. Ya zauna cikin motarsa ya rufe gilashi ya cika fuska ɗaya ta kaset, ya ba wata abokiyar aikina da za ta tafi hutu Kano. Ta tabbatar mana ya isa hannun Rekiya. Amsa kuwa babu. Sati ɗaya, biyu, biyar, ko gaisuwa.

Ranar da ke kan tikitin, Malam ya ɗauke mu muka nufi Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid bayan azahar. Hanyar da nisa. Almu ya yi aski, ya sa farar kaftani, ya sayo wata 'yar tsana ya riƙe a leda. Jirgin ya sauka, mutane suka yi ta fitowa, 'yan Masar da katan-katan, 'yan Indiya, wasu 'yan Najeriya biyu da ba mu sani ba. Aka yi awa guda, ƙofar ta fara yin shiru. Na kasa kallonsa. A raina ina cewa ga abin da na gaya maka.

Sai ga ta. Ta rame, ta yafa baƙin mayafi, tana jan akwati ɗaya, ga Indo riƙe da gefen zanenta da ɗan tabo a goshi. Ni na fara rungume ta, ina kuka ina ba ta haƙuri, ta ce ba komai Yaya Tabawa. Sannan ta tsaya gaban mijinta. Ba ta yi murmushi ba.

"Injiniya, sannu."

"Sannunku da hanya."

"Yau kwana nawa?"

"Saba'in da uku."

Ta gyaɗa kai. "Shekara biyun da ake rubuto mini, ban taɓa yarda ba. Na san ka. Da ban ji kaset ɗin nan ba, da ban hau jirgi ba." Ta taɓa jakar hannunta. "Tikitin komawata yana nan, shekara guda yake yi. Ba zan ce ka rantse mini ba."

Ya ce, "Ko kin ce ma ba zan yi ba."

Ya durƙusa ya miƙa wa Indo ledar. Yarinyar ta ɓuya bayan uwarta, don ba ta gane shi ba. Bai matsa mata ba, ya riƙe ledar a haka har ta miƙo hannu da kanta.

Suka kama gida a Al-Shifa, tafiyar ƙafa zuwa falon Basudanen. Sunan Mai Goma bai bar shi ba, ko da yake mutanen Al-Oud sun yi ta gunaguni wai tunda matarsa ta zo ya zama marowaci. Yakan je shagon Bayamale duk mako ya sayi ƙunshi ɗaya ya zauna ya ci, ya tambaye shi ko akwai wani mai sayen goma. Ta haka ya kawo mutum biyu cikin zaman.

Wata Alhamis, shekara ta zagayo, na je wurin Rekiya muna gyaran kayan miya. Almu ya leƙo kicin ya ce ya tafi, ta ce ya yi sauri kada ya sa mutane jira. Da ya fita sai ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da tikitin nan daga ƙasan akwatinta ta nuna mini kwanan watan. Jiya ya ƙare. Na ce to yanzu fa? Sai ta durƙusa ta tattara ɓawon albasa da shi, ta zuba a kwandon shara, ta ce in miƙo mata wuƙa.